In Magani Ya Ƙi, Laifin Wa?

A Madakiya inda na tashi, in mutum ya samu taɓin hankali, hanya uku muka sani: gidan boka, wurin addu'a, in kuma abin ya gagara a hau motar Kafanchan zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, wanda sai a 1975 aka kafa shi. Tun ina yaro ban taɓa jin boka ko mai addu'a ya ce kuskuren nasa ne ba. In ciwo ya dawo, majinyaci ne ya karya sharaɗi, ko iskar ce mai taurin kai, ko bangaskiyar dangi ce ta yi rauni.

Turawa ma ba su fi ba. Dokarsu ta masu taɓin hankali ta 1916, wadda aka sake wa riga a 1958, tsarewa ta sani. Wanda aka kulle kuwa ba shi da bakin ƙorafi, don wa ke sauraron "mahaukaci"? Dokta Thomas Adeoye Lambo na cikin waɗanda suka fara ganin aibin tsarin. A 1954, a Aro ta Abeokuta, ya sauke majinyata a gidajen ƙauye tare da 'yan uwansu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin.

Masu yi wa majinyaci magani da zance kuwa, kuskurensu ba na allura ba ne. Gaggawa ce, ko baƙar magana, ko ƙin yarda da abin da mutum ya faɗa. Masana ilimin halayyar ɗan Adam, Jeremy Safran da Christopher Muran, sun nuna a littafinsu na 2000 cewa majinyacin da aka ɓata wa rai ko dai ya yi faɗa, ko ya ja jiki. Namu jan jiki suke yi. Kunya ke sa mutum ya ce "to, likita", daga nan ba a ƙara ganinsa. Abin da ake koya wa ma'aikaci yanzu shi ne ya lura da wannan shirun, ya tambaya, ya amsa laifinsa, ya kuma kai maganar ga na gaba da shi.

Amma tsarewa ba ta ƙare ba: a Satumban 2019 ma sai da 'yan sanda suka kwance ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba majinyaci haƙƙi a kan jinyarsa, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa mata hannu. Duk mai rakiyar mara lafiya, in ya ga ba daidai ba, ya buɗe baki ya faɗa wa mai maganin.