Wa ya ciyar da Sabo?

Ana ta kukan cewa gidajen abinci da mashaya na wajen Mokola sun kashe wa masu tuwo kasuwa. A ganina lamarin ya girmi haka.

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro gidan maigidansa yake sauka, nan yake ci. Sauran cinikin na matan kulle ne: su dafa cikin gida, yara su fita talla. Babana ya ce da ribar tuwo kakata ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki.

Yau baƙo otal yake kwana, yara kuma suna makaranta. Tsire ne dai har gobe Yarbawa ke biyo mu unguwa su saya.