Zaɓen Bakin Na'urar Cusa Waya a Allunan Sadarwa: Nazari a Kan Bukatun Garin Mubi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ire-iren bakin da ake ɗaura wa na'urar cusa waya, wato 66 da 110 da Krone da BIX, da asalinsu da yadda kowanne ke aiki. Ta nuna cewa allon da za a cusa wa waya shi ke zaɓen baki, kuma biyu daga cikinsu ne suka fi dacewa da aikin da ake yi a Mubi.

Gabatarwa

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 wayar tangaraho ta NITEL ta fara ja da baya, har wasu suka ɗauka an gama da jan ƙarfe. Ba a gama ba. A Mubi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga bankuna da asibiti, kuma irin waɗannan wurare ba sa rabuwa da kebul mai haɗa kwamfutoci da wayoyin ofis. Hukumar JAMB ma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, abin da ya ƙara bukatar irin wannan kebul. Mutanen Adamawa kuwa sun san ranar layin cikin gida tun 2013, lokacin da aka toshe hanyoyin salula a farkon dokar ta-ɓaci.

Yadda haɗin yake

Allon sadarwa ba ya bukatar a fere waya ko a yi mata dalma. Kowane gurbi tsaga ce tsakanin haƙoran ƙarfe biyu. Idan aka danna waya da rigarta ta roba, haƙoran su yanke robar su kama jan ƙarfen gam, har iska ba ta samun shiga. Aikin baki shi ne ya kai wayar ƙasan tsagar ba tare da ya buɗa haƙoran ba, sannan ya datse rarar.

Allon 66 shi ne dattijo. Kamfanin Bell na Amurka ya fito da shi a 1962 domin muryar tarho, bakinsa kuma rami ne da ke rufe kan ƙarfen gurbin. Daga baya AT&T ya kawo 110 a shekarun 1970, mai gurabu a matse, kuma shi ya mamaye allunan kwamfuta da soket ɗin bango na kebul ɗin Cat5e da Cat6. Kamfanin Northern Telecom ne ya fito da BIX, kuma a Kanada ya fi yawa.

Krone ya fi bukatar a tsaya a kansa. A Balin ta Jamus aka ƙera shi, haƙoransa kuma a karkace suke, suna kama waya a kusurwar digiri 45. Na'urarsa tana da ɗan almakashi da ke datse waya bayan ta zauna, saɓanin bakin 110 da ke sare ta a jikin robar allo. A ido sai a ce ɗan juma ne da ɗan jummai, amma faɗi da kaurin bakunan sun bambanta. Wanda ya tura bakin da bai dace ba yana iya buɗa haƙora ko ya fasa roba, haɗin ya yi aiki yau, bayan 'yan watanni ya fara yankewa.

Abin da ya shafi Mubi

Yanayin garin yana tona asirin haɗi maras kyau. Ƙurar hunturu tana shiga duk tsagar da aka buɗa, laimar damina ta bi baya da tsatsa. Shi ya sa ɗabi'ar danna waya da sukundireba ko reza, duk da sauƙinta, asara ce: gurbin da ya buɗe ba ya komawa.

Akwai kuma batun kebul ɗin kansa. An tsara waɗannan alluna ne domin waya mai ƙwaya ɗaya ta jan ƙarfe zalla. Kebul mai arha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe yana saurin karyewa a bakin tsaga, musamman idan aka saita ƙarfin bugun na'ura a sama. Sannan ka'idar TIA-568 ba ta yarda a warware murɗin wayoyin Cat5e fiye da milimita 13 ba, tsawon layi gaba ɗaya kuma kada ya wuce mita 100. Ko an dace da baki, in an warware murɗin da yawa, layin ba zai yi gudun da aka saya ba.

Kuskure guda kuma yana kama ko da gwani: ɓangaren baki mai kaifi, wanda akan yi wa alama, rarar waya yake fuskanta. In aka juya shi, layin da ake son haɗawa shi za a sare.

Wasu allunan zamani ana yi musu gurbi mai karɓar 110 da Krone duka, akan kuma rubuta haka a jikin kwalinsu. Inda babu rubutun, bai kamata a yi zato ba.

Shawara

Ga mai aiki a Mubi, na'ura mai musanyen baki ɗauke da 110, tare da na'urar Krone daban, sun wadatar. Bakin 66 sai idan an ci karo da tsohon allon tarho, BIX kuwa ba ya cikin lissafi. Hukumomin makarantu da ofisoshi su riƙa rubuta nau'in allo da na kebul a takardar kwangila, su kuma nemi sakamakon gwajin kowane layi kafin su biya ɗan kwangila.