Haddin Saƙo: Daga Takardar Malam Zuwa Rajistar Na'ura

Tun zamanin da mutanen Dungu da sauran garuruwan ƙasar Matameye suka fara fita ci-rani da fatauci, waɗansu Kano, waɗansu Damagaram, waɗansu har bakin teku, babu abin da ya haɗa zukatan na gida da na waje kamar saƙo. Kuma duk wanda ya bi tarihinsa da natsuwa zai tarar ba a taɓa barinsa babu haddi ba, illa iyaka mai yanka haddin ne yake sauyawa daga zamani zuwa zamani.

A da, idan mutum yana da larura, sai ya tafi zauren malam, malam ya fere alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya fara da bisimilla, ya ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, ya jero gaisuwa da tambayar iyali da damina, sa'an nan ya ce bayan haka, ya kawo buƙata. Takarda tana da tsada, domin ta hamada ake kawo ta daga Tarabulus, amma mizanin yana hannun mai rubutu, shi ne ya san inda zai tsawaita da inda zai taƙaita.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, har ta zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sai tangaraho ya shigo da hukuncin da ba a saba da shi ba, wato biyan kuɗi a kan kowace kalma. Asalin ƙa'idar daga nesa take: a 1865 ƙasashen Turai suka kafa ƙungiyar tangaraho a Paris, kuma da aka ga 'yan kasuwa suna liƙa kalmomi da juna don rage kuɗi, sai taron da aka yi a Rasha a 1875 ya yanke cewa kalma ba za ta wuce harafi 15 ba a cikin Turai, 10 a wajenta. Akawun gidan waya yakan bi kalmomi da bakin fensir yana ƙirgawa, mai saƙo yana tsaye yana lissafin abin da ke aljihunsa. Abin da ya fara faɗuwa kuwa shi ne gaisuwa, wadda ita ce adon zancenmu.

Wayar salula, wadda ta yaɗu a Nijar da Nijeriya a farkon shekarun 2000, ta zo da nata haddin na harafi 160 ga kowane saƙon rubutu. Wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, shi ne a 1985 ya zauna yana buga jumloli yana ƙirga haruffansu, har ya gamsu cewa wannan adadi ya wadatar da galibin buƙatun mutane. Sai dai jadawalin haruffan da aka tsara, ko da yake ya karɓi waɗansu wasulan Faransanci masu alama a ka, bai san ɓ da ɗ da ƙ ba; saboda haka da zarar Bahaushe ya sa ɗaya daga cikinsu, ko ya yi rubutu da ajami, sai haddin ya faɗo zuwa 70, kuɗi ya ninku. Wannan yana cikin dalilan da suka sa matasanmu suka saba rubuta Hausa babu ƙugiya, har baƙi da baki suka zama abu guda a idon mai karatu.

Su kansu na'urorin da ke ɗauke da waɗannan saƙonni suna da wasiƙar da suke aika wa juna dare da rana, wato rajistar abin da ya gudana: wane ya shiga, yaushe wuta ta ɗauke, ina layi ya yanke. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a Berkeley ta Amurka a shekarun 1980. An daɗe ana aiki da shi bisa al'ada kawai, sai a 2001 aka rubuta al'adar a takarda mai lamba RFC 3164, aka ce saƙo kada ya wuce bayit 1024, alhali bayit guda harafi ɗaya yake ɗauka na boko mara ƙugiya. Da rajista ta yawaita, bayanai suka tsawaita, masana suka yi saɓani: mai ƙaramar na'ura yana tsoron a cika masa ma'aji, mai binciken ɓarna yana tsoron a datse masa hujja. A 2009 aka daidaita a RFC 5424, wadda Rainer Gerhards ya rubuta, bisa hanya mai kama da ta malaman fiƙihu: wajibi ne mai karɓa ya karɓi bayit 480, mustahabbi ne ya kai 2048, abin da ya haura kuwa ya halatta ya karɓa, ko ya yar, ko ya datse shi daga ƙarshe. Don haka aka yi nasiha a gabatar da muhimmin bayani tun farko, akasin wasiƙar malam wadda takan jinkirta buƙata sai bayan gaisuwa.

Haddi a kan kansa ba zalunci ba ne, domin ko kasuwar Matameye ba ta ci sai da tiya. Abin lura shi ne, a majalisun da muka ambata, da harsunan waɗansu aka gwada ma'aunin. Amma ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idodin intanet irin waɗannan na RFC, ƙofarta a buɗe take ga duk mai ilmin abin, ba ta neman izinin gwamnati. Haƙƙi ne a kan ɗalibanmu na jami'ar Damagaram da na Kano da Zariya su koyi wannan fanni, su shiga shawara tun kafin a yanke hukunci, don a riƙa auna saƙo da haruffan Hausa a cikin lissafi.