Daga akwatin sukari zuwa akwatin imel: tarihin saƙon ɗan kasuwa



A watan Janairu na 1853 wani Bature ɗan Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, yana zaune a Damagaram yana jiran saƙo daga arewa. Da saƙon ya iso, wani Balarabe ne ya miƙa mishi akwati biyu na sukari, a ciki kuma an ɓoye tsabar azurfa 1000. Kusan babu wanda ya gane kuɗi ne suka shigo gari. Zamanin Sarki Tanimun ke nan, lokacin da ayari ke tashi daga Damagaram ya ratsa Abzin, ya bi ta Gat da Gadamas har Tarabulus, tafiyar watanni. Wasiƙar attajiri da kuɗinsa duk a hannun mutum suke tafiya. In takarda ta zo, mai gida ya san rubutun malamin da ya rubuta ta, ya san ɗan aiken, ya san ubansa, ya san madugun da ya biyo. Kafin a yi ma attajiri wasiƙar ƙarya sai an sayi mutum uku ko huɗu, kuma kowannensu yana da gidan da za a je a same shi.

Da Faransawa suka zo suka kawo gidan waya. Damagaram ce babban birni har 1926, kafin a maida shi Yamai. Manyanmu sun san zamanin talgiram da manda, da mai rubuta wasiƙa da ke zama bakin fosta da teburinsa. Alhazan Maraɗi da suka yi arziki da gyaɗa, daga baya suka koma fataucin kaya daga Kwatano da Lome, kowa da lambar B.P. a allon kantinsa. Talaka kuwa ya samo tashi dabarar: ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kai Abijan ko Libiya, ko ya biya a karanta mishi sanarwa a rediyo. Har gobe muna karanta irin waɗannan sanarwoyi, kuma ba na jin za su ƙare nan kusa.

Shi imel, ko mel kamar yadda muke cewa, ya girme ma yawancinmu. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan @ da muke kira arobaz don ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Amma sai 1996 abin ya zama na kowa, da Hotmail ya fara ba da akwati kyauta. Yahoo ya biyo baya a 1997. Gmail bai zo ba sai ranar 1 ga Afrilu 2004, har wasu suka ɗauka wasan ranar ƙarya ne saboda girman wurin ajiya da ya ce zai bayar.

A Nijar, masu bincike na ORSTOM a Yamai suna cikin waɗanda suka fara musayar saƙon kwamfuta, tun farkon shekarun 1990. Wajen ƙarshen shekarun ne Sonitel ta buɗe intanet ga jama'a, ma'aikatu da ƙungiyoyi suka samu adireshi masu ƙarewa da intnet.ne. Ɗan kasuwa a lokacin talho da faks ya sani, a telesantar. Sai salula ta shigo da Celtel a 2001, wanda ya koma Zain, ya koma Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008, yanzu shi ne Zamani.

Mu da muka yi CEG da lise a shekarun 2000, a siber muka san imel. Ka biya dala ɗari ko fiye don awa guda, rabin awar ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe, ka buɗe yahoo.fr ko Caramail, ka rubuta kalmar sirri a bayan kayen lakkol. A nan ne wata al'ada ta kafu wadda har yau take cin ƴan kasuwarmu. Alhaji yana da dukiya amma bai yi boko ba. Yaro ya yi boko amma ba shi da ko dala. Da masu kaya na Dubai da Guangzhou suka fara cewa a turo musu adireshin imel, sai Alhaji ya aiki yaro siber. Yaron ya buɗe akwati da sunansa, ya sa ranar haihuwarsa a matsayin kalmar sirri, shi ke karantawa, shi ke amsawa. Ran da suka ɓata, ko yaron ya tafi Aljeriya neman kuɗi, duk takardun farashi, sunayen masu kaya da shaidar biyan kuɗi na shekaru sun tafi tare da shi.

Yau siber ya ja baya, amma al'adar ba ta mutu ba, wuri kawai ta sake. Ka sayi sabuwar waya a kasuwa, mai sayarwa ya ce sai da Gmail za ta yi aiki, nan take ya buɗe maka ɗaya cikin minti biyu, ka sa waya aljihu ka tafi. Ka tambayi masu kanti goma sunan akwatinsu da kalmar sirrinsu, ka ga nawa za su iya faɗa maka. Alhali a cikin wannan akwatin lambobin abokan cinikinsu suke, nan kuma WhatsApp ke ajiye kwafin hirarrakinsu. Wayar ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta a tasha, sai a ji mutum yana cewa komai nashi ya ɓace, alhali abin yana nan, makullin ne ba ya hannunsa.

Don haka abu na farko, akwatin kanti na mai kanti ne. A buɗe shi da sunan kantin, a gaban mai shi, a rubuta sunan akwatin da kalmar sirri a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida da na fili. Lambar wayar da za a ɗaura ma akwatin ta zama ta mai kantin, kuma pis ɗin da yake amfani da shi kullum. Pis in ya daɗe ba ya aiki kamfani na karɓe lambar ya sayar ma wani, to wancan shi zai dinga samun lambar tabbatarwarka. A kunna tabbatarwa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba da ke zuwa a waya. Wannan lambar ba a faɗa ma kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga banki yake ko daga kamfanin waya, ko da ya kira ka da sunan mahaifinka. Yaron kanti in ya bar aiki, a canza kalmar sirri ranar, ba don an zarge shi ba, kamar yadda ake karɓar makullin shago ne. A kuma dinga leƙa akwatin: tun Disamba 2023 Google ya ce yana iya share akwatin da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Masu tsohon yahoo.fr na zamanin siber, ku saurara. A 2013 an fasa rumbun Yahoo, kuma a 2017 kamfanin da kansa ya amsa cewa abin ya shafi dukkan akwatuna biliyan 3 da yake da su. Wanda bai canza kalmar sirrinsa ba tun lokacin, ya ɗauka ƙofarsa a buɗe take kwana.

Yanzu ga inda kuɗi masu yawa ke salwanta. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya buɗe kamfani da suna irin na Quanta Computer, wani babban kamfanin Taiwan da ke yi ma Google da Facebook kayan aiki. Ya dinga aika musu fakitir ta imel, da hatimi da sa hannu na jabu, su kuma suna biya cikin asusunsa. Sama da dalar Amurka miliyan 100 ya karɓa kafin a farga. A Disamba 2019 kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5. Ku lura, kamfanin da ya ƙera Gmail ne aka yi ma haka, da lauyoyinsa da injiniyoyinsa. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai, ƙorafin da ta karɓa kan irin wannan damfara ya kai asarar kusan dala biliyan 2.9.

Yadda abin ke zuwa ma ɗan kasuwa irin namu ba shi da wuyar ganewa. Ɓarawon ya samu shiga akwatinka, ko na mai kayanka a Sin ko Turkiyya, ko na taranziter ɗinka a Lome. Ba ya taɓa komai. Yana zaune yana karanta hirarku mako da makonni, ya san kayan, ya san farashin, ya san yadda kuke gaisawa. Ran da aka zo biya, sai saƙo ya shigo da suna iri ɗaya, takarda iri ɗaya, yana cewa bankinsu ya samu matsala, a tura kuɗin cikin wannan sabon asusu, kuma a hanzarta don jirgi zai tashi. In ka duba adireshin da kyau, wani lokaci harafi guda ne ya bambanta: an sa 1 a wurin l, ko r da n a jere a wurin m. A ƙaramin gilashin waya ma sunan kawai ake gani, sai ka taɓa shi adireshin ke fitowa. Wani lokacin kuma adireshin na gaskiya ne, don daga cikin akwatin mai kayan ake rubutowa.

Maganinsa kira ne. Duk saƙon da ya ce an canza lambar asusu, kar a biya sai an ji muryar mutumin, a lambar da ka daɗe da sani, ba wadda aka rubuto a ƙasan saƙon ba. In da hali a yi kiran bidiyo a ga fuska. A duba kuma ko sunan mai asusun ya yi daidai da sunan kamfanin, ko ƙasar bankin ita ce ƙasar da kayan suke. Ni a ganina kiredin jikka guda da za ka ƙona a wannan kira shi ne mafi arahar kuɗin da za ka kashe a kan kwantena. In kuwa an riga an tura, a ruga banki a ranar a nemi su tsayar da kuɗin, don awoyin farko ne ake da ɗan fata, sannan a kai ƙara wurin ƴan sanda. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 3 ga Yuli 2019. Kar a goge saƙonnin don haushi ko kunya, su ne shaida.

Wani zai ce shi ai WhatsApp yake ciniki, me ya haɗa shi da imel. Gaskiya ne saƙon murya ya yi ma mutanenmu rana, wanda bai iya karatu ba ya samu bakin magana, kamar kaset ɗin da ne ya dawo. Amma ranar rigima, neman magana guda cikin muryoyi ɗari huɗu aiki ne, kuma mai turowa na iya goge nashi. Banki, duwan, ma'aikatar haraji da ƙungiyoyin da ke ba da kwangila duk takarda suke so. A yi ciniki da murya in an ga dama, amma in an daidaita, a sa a rubuta adadi, farashi da ranar isowa a turo ta imel, fakitir kuma a PDF.

Kwamfutar kanti ita ma tana da nata tarihin ciwo. A Mayu 2000 wata cuta da aka saki daga Filipin ta zagaye duniya cikin saƙo mai ɗauke da kalmar soyayya, mutane na buɗewa tana cin takardunsu. A Mayu 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta ce sai an biya fansa. Waɗanda ta fi kamawa su ne masu Windows da ba a sabunta ba. Microsoft ya daina gyaran Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, amma ku shiga wuraren buga takardu ku gani. A nan kile USB ke kwaso cutar nan da ke maida dosiye su zama gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. In za ka kai takarda a buga maka, tura ta imel ko ka ware kile guda na fita waje, wanda ba ya komawa cikin kwamfutar lissafi. In ka shiga akwatinka a kwamfutar wani, ka fita da hannunka, rufe shafi kawai bai isa ba.

Sai kuran. Mun ga yadda aka sha duhu daga Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nigelec. Kwamfutar tebur ba ta son ɗaukewar wuta kwatsam, ondiler na ba ka ƴan mintocin da za ka adana aiki ka kashe ta lafiya. Littafin bashi da na kaya a ajiye su wuri biyu aƙalla, ɗaya a faifan waje da ake kaiwa gida, ɗaya a Drive, inda kowane Gmail ke da giga 15 kyauta. Kasuwar da ta taɓa ganin gobara ta san dalilin da ya sa kwafin bai kamata ya kwana a shago ɗaya da kwamfutar ba.

Wata ƴar ƙaramar magana da ke sa mutane zufa a banza: kwamfutocin da ke zuwa daga Faransa madanninsu AZERTY ne, na Kano da Dubai QWERTY. Wurin A da Q ya sauya, haka Z da W, M ma ta matsa, lambobi kuma a na Faransa sai an danne maɓallin manyan haruffa. Mutum ya buga kalmar sirrinsa daidai yadda yatsunsa suka saba, kwamfuta ta ƙi, ya sake har a kulle mishi akwati, ya ce an yi mishi kutse. Kafin ka tada hankalinka, buga kalmar a fili inda za ka ga haruffan. Arobaz kuwa, a madannin Faransa AltGr ne da 0, a na Amurka maɓallin manyan haruffa ne da 2.