Tarihin Na'urorin Awon Zuciya da Maganinta, Daga Turai Zuwa Ikeja

Na'urorin ciwon zuciya su ne kayan aikin da likitoci suka ƙago domin buƙata biyu: su san halin da zuciya take ciki ba tare da an tsaga ƙirji ba, sa'an nan su agaza mata idan ta gaza, ko ta hanyar daidaita bugunta, ko buɗe jijiyar da ta toshe, ko musanya ƙofar da ta lalace. Tarihinsu bai wuce shekara 200 da 'yan kai ba, ko da yake ilmin da aka aza su a kansa ya girme su nesa ba kusa ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan nau'o'in bugun jijiya da abin da kowanne yake nunawa; Ibn Nafis kuwa, wanda ya yi karatu a Dimashƙu ya yi aikin ɗibbu a Alƙahira har ya rasu a 1288, shi ne ya saɓa wa ra'ayin tsohon tabibi Jalinusa, ya tabbatar da cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya koma ɓangaren hagu. Bature William Harvey ya cika bayanin zagayen jini a 1628. Amma duk da wannan zurfin sani, tabibi bai da abin bincike sai yatsunsa da kunnensa.

A 1816, a birnin Paris, aka kawo wa likita René Laennec wata budurwa mai alamun ciwon zuciya, kuma da yake kunya ta hana shi ɗora kunnensa a ƙirjinta kamar yadda ake yi a lokacin, sai ya naɗe takarda ta zama bututu, ya aza bakin guda a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa, ya ji bugun zuciyar ya fi na kullum fitowa sarai. Daga nan ya sassaƙa irinsa da itace, kuma a 1852 wani likita a Amurka ya gyara shi ya zama mai kunne biyu, wato abin sauraron da kowane likita yake ratayawa a wuya har yau. Abin lura ne cewa kiyaye mutuncin mace shi ne sababin wannan ƙirƙira, kuma fa'idarsa ta nan ba ta gushe ba a asibitocinmu, inda mata da yawa ba za su yarda a duba su ta wata hanya ba.

Awon ƙarfin jini ya fi haka jinkiri. Wani malamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya wallafa a 1733 yadda ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar goɗiya, jini ya hau cikinsa fiye da ƙafa takwas. Amma wannan ba hanya ce da za a bi da ɗan Adam ba. Sai a 1896 Riva-Rocci na Italiya ya kawo ɗamarar roba da ake naɗawa a damtse a hura mata iska, sa'an nan a 1905 wani likitan soja na Rasha, Korotkoff, ya gano cewa idan aka aza abin sauraro a ƙasan ɗamarar ana sassauta iskar a hankali, sautin da ya fara fitowa yana nuna ƙarfin jini na sama, inda ya ɓace kuma yana nuna na ƙasa. Daga wannan ne aka sami lambobi biyun da ake faɗa wa mai haƙuri, kuma wanda awonsa ya dawwama a kan 140 bisa 90 ko fiye, ana ƙidaya shi cikin masu hawan jini.

Gabar da ta fi kowace girma a fannin awo ita ce gane cewa zuciya tana aiki da lantarki nata na kanta, kuma ana iya kama shi daga fata a rubuta shi a takarda. Augustus Waller ya fara yin haka a Landan a 1887, amma rubutunsa bai fito yadda za a yi hukunci da shi ba, sai da Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan ya ƙera na'urarsa a farkon ƙarni na 20, wadda ruhinta siririn zare ne mai rufin azurfa da aka miƙe tsakanin manyan maganaɗisu biyu. Nauyinta ya kai kilo 270, tana buƙatar mutum biyar su sarrafa ta, mai haƙuri kuwa sai ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa cikin bokitan ruwan gishiri. Duk da haka layukan da ta zana su ne likitoci suke karantawa har yanzu, da haruffan da ya sa musu, kuma aka ba shi lambar Nobel a 1924. Wannan shi ne gwajin da ake kira isiji, wanda yau yaro zai iya ɗaukar na'urarsa da hannu ɗaya.

Shiga cikin zuciyar kanta kuwa wani matashin likita ne a Jamus, Werner Forssmann, ya yi ƙarfin halin farawa a 1929, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har ya kai zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto domin ya kafa hujja. Manyansa suka zarge shi da wauta, amma a 1956 ya raba lambar Nobel da likitoci biyu na Amurka da suka mai da hanyarsa aikin yau da kullum. A 1953 kuma, a garin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro wata na'ura da maƙeran jiragen ruwa suke neman tsagar ƙarfe da ita ta hanyar amsa-kuwwar sauti, suka gwada ta a ƙirji, suka ga motsin bangon zuciya. Wannan ne asalin hoton zuciya da ake kira eko.

A kan wannan na'ura ƙasar Hausa tana da nata babi a tarihi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, musamman Davidson da Parry, suka lura cewa mata masu jego suna zuwa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi da yawan da ba a san irinsa ba a wata ƙasa, suka danganta al'amarin ga wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa, bisa hujjar cewa zafi da gishirin kanwa suna ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru an riga an duba zukatan waɗansu daga cikin matan da na'urar eko a Zariya. Daga baya, da na'urorin suka ƙara kyau suka yawaita, binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin Aminu Kano ya jagoranta ya nuna cewa naman zuciyar ne yake raunana, kuma talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki sun fi al'adun jego alaƙa da ciwon. Ba don hoton zuciya ba, da ba a iya warware wannan saɓani ba, da kuma an ci gaba da ɗora wa ungozoma da kakanni laifin da ba duka nasu ba ne.

Na'urorin magani sun zo ne a jere bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 6 ga Mayu 1953, a birnin Philadelphia, John Gibbon ya haɗa wata yarinya 'yar shekara 18 da injin da ya yi kusan shekara ashirin yana wahala a kansa, injin da yake karɓar jini ya sa masa iska ya mayar da shi jiki, ya riƙe ta minti 26 har ya ɗinke hujin da yake cikin zuciyarta. Da wannan inji ne tiyatar buɗe zuciya ta yiwu, kuma a 1960 likita Albert Starr ya dasa ƙofar zuciyar da suka ƙera shi da injiniya Lowell Edwards, ƙwallo a cikin keji, mai haƙurin ya tashi ya rayu shekaru.

Labarin na'urar daidaita bugu, wadda jama'a suke kira batirin zuciya, yana da darasi na musamman ga mutumin Nijeriya. Na farkon da aka yi manya ne, a bango ake jona su. Ranar 31 ga Oktoba 1957 wuta ta ɗauke a birnin Minneapolis na sa'o'i, rayukan yaran da suka dogara da su suka shiga hatsari, sai likita Lillehei ya roƙi wani mai gyaran kayan lantarki, Earl Bakken, ya yi masa wadda take aiki da batir, shi kuwa ya kammala ta cikin kamar wata guda. Ranar 8 ga Oktoba 1958, a Stockholm, Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson wadda injiniya Rune Elmqvist ya ƙera, ta farko da aka binne a cikin jiki. Sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya, aka sa masa wata. A tsawon rayuwarsa an sa masa guda 26, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duka sun riga shi.

Akwai kuma na'urar farfaɗo da zuciya, wadda take aika mata da girgizar lantarki idan bugunta ya rikice ya zama karkarwa marar amfani. Claude Beck ya ceci yaro ɗan shekara 14 da ita a 1947, Paul Zoll ya yi nasarar aiki da ita ta saman ƙirji a 1956, Frank Pantridge kuma ya sa ta a motar asibiti a Belfast a 1965, mai nauyin kilo 70, tana shan wuta daga batirin mota. Hikimarsa ita ce na'urar ta je wurin wanda ya faɗi, domin kowane minti da ya wuce yana rage damar tsira da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mutanen Ikko ba su manta ranar 12 ga Agusta 1989 ba, da ɗan ƙwallo Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Surulere ana karawa da Angola, ajalinsa ya zo ta hanyar zuciya. Kuma lalle kowane filin wasa, da tashar mota, da babbar kasuwa irin ta Mile 12, ya kamata a ce akwai wannan na'ura a rataye, da wanda ya iya aiki da ita. Buɗe jijiyar da ta toshe da ɗan balan-balan kuwa ya faro a Zurich a 1977 a hannun Andreas Grüntzig, aka ƙara masa bututun raga mai tokare jijiyar a 1986.

A Nijeriya an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko ranar 1 ga Fabrairu 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka haɗa hannu da Magdi Yacoub, Bamisiren da yake aiki a Landan. Aikin bai ɗore yadda aka so ba, har ya zama masu hali suna fita waje, marasa hali suna jiran hukuncin Allah. Da aka gano lalacewar ƙofar zuciyar ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu a Italiya a 1996, a Cleveland ta Amurka aka gyara masa ita, kuma gidauniyar da ya kafa a 2000 ta ɗauki nauyin yara masu yawa, akasari zuwa asibitocin ƙetare. Asibitin Ikeja kuwa, wanda gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe a 1955 a matsayin ƙaramin asibiti, ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a 2001, kuma a 2004 aka fara tiyatar buɗe zuciya a cikinsa, da farko tare da tawagogin likitoci baƙi, daga baya a hannun likitocin gida, cikinsu har da Bode Falase. Ana kuma dasa batirin zuciya a wurin.

Wannan asibiti yana maƙwabtaka da Agege, inda Hausawa suka kafa Zango tun farkon ƙarni na 20 saboda fataucin goro, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano. Amma kusancin ƙafa bai isa ya kai mutum ga na'ura ba. Duk abin da injin zuciya da huhu yake ci daga waje ake sayo shi da kuɗin waje, ba ya jure yankewar wuta ko ta ɗan lokaci, yana kuma buƙatar jini a ajiye da ma'aikatan da hannunsu bai daina aikin ba. Bayan tiyata ma ɗawainiya ba ta ƙarewa: wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe zai sha maganin tsinka jini muddin ransa, ana auna jininsa a kai a kai, abin da yake da wuya ga falken da yake wata guda a Agege wata biyu a Arewa, batirin zuciya kuma yakan ƙare cikin shekara bakwai zuwa goma, a sake biyan wani.

Saboda haka ne na'urori masu araha suka fi cancantar himmar hukuma da ta shugabannin al'umma. Ciwon zuciyar da ya fi kashe mutanenmu daga hawan jini yake tasowa, wanda masu bincike suka ƙiyasta yana tare da kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Nijeriya, da yawansu ba su sani ba. Sai lalacewar ƙofofin zuciya da takan biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba, sai ciwon masu jego. Na farko ɗamarar damtse take kama shi, wadda yanzu akwai mai aiki da batir a kusan kowane kemis. Na biyu da na uku abin sauraro da ƙaramar na'urar eko ta hannu suna gano su tun kafin a kai ga wuƙa. A Kamaru wani matashin injiniya, Arthur Zang, ya ƙera allon kwamfuta mai suna Cardiopad, wanda ma'aikacin jinya a ƙauye yake ɗaukar isiji da shi ya aika wa likitan zuciya a birni ta layin waya, amsa ta dawo masa a wurin, kuma aikin ya ci lambar yabo ta Rolex a 2014.