Ken Wyatt: Ɗan Asalin Ƙasa a Majalisar Ministocin Ostireliya

An haifi Ken Wyatt a 1952 a yankin Bunbury, Yammacin Ostireliya. Mahaifiyarsa Mona na cikin yaran Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, da hukuma ta raba da iyayensu ƙarfi da yaji. A mishan ta Roelands ta tashi. Mahaifinsa ma'aikacin layin dogo ne. Ken ne babba cikin 'ya'ya goma. Ya fara da koyarwa a firamare, daga baya ya daɗe yana aikin gwamnati a fannin ilimi da lafiyar 'yan asalin ƙasa.

Ya kusa shekara sittin kafin ya shiga siyasa. A zaɓen 2010 ya tsaya a mazaɓar Hasluck ƙarƙashin jam'iyyar Liberal, ya ci da ƙyar, ya zama Aborijin na farko a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Majalisar Dattawa ta riga ta samu ɗan Aborijin, Neville Bonner, tun 1971, amma ta Wakilai sai da ta shafe shekara 109 ba ta da ko ɗaya. Wasiƙun zagi sun biyo bayan nasarar, wasu daga mutanen da suka ce da sun san asalinsa da ba su zaɓe shi ba.

Ranar jawabinsa na farko ya shiga zauren sanye da mayafin fatar kangaru da dattawan ƙabilar Noongar suka ba shi. Ya tuna da mahaifiyarsa, sannan ya gode wa Kevin Rudd na jam'iyyar Labor, abokiyar hamayyarsu, kan gafarar da ya nema a 2008, yana firayim minista, daga waɗanda aka raba da iyayensu. Mona ba ta rayu ta ji wannan neman gafara ba. A ganina wannan godiya ta bayyana halinsa fiye da duk muƙaman da ya riƙe.

A 2017 ya zama ministan kula da tsofaffi da lafiyar 'yan asalin ƙasa. A 2019 Firayim Minista Scott Morrison ya ba shi ma'aikatar harkokin 'yan asalin ƙasa, karo na farko da ɗayansu ya riƙe ta. A zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar 2020 ta rage gibin lafiya da ilimi tsakaninsu da sauran jama'a, aka kuma saye haƙƙin mallakar tutar Aborijin a 2022 don kowa ya yi amfani da ita kyauta. Wasu daga cikin mutanensa sun ga ya cika lallaɓa jam'iyyarsa, kuma ƙorafin nasu yana da tushe.

Ya rasa kujerarsa a zaɓen 2022. A Afrilun 2023, da Liberal ta yanke shawarar adawa da sanya majalisar ba da shawara ta 'yan asalin ƙasa a tsarin mulki, sai ya fice daga jam'iyyar. A ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoban shekarar, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ƙi shirin, kuma ba jiha ko ɗaya cikin shida da ta amince.