Kuɗin Talaka A Zaɓen Fitar Da Gwani

Duk lokacin da kakar siyasa ta kama, a Birnin Kebbi ne ko a Argungu, abin da muka saba gani shi ne mota ta tsaya a bakin layi ana raba atamfa da sabulu da dunƙulen magi. Har ta kai wasunmu sun ɗauka ai ita siyasa haka aka halicce ta, ɗan takara ya bayar, mace ta karɓa. To ba haka tarihi ya nuna ba.

A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Mafi yawan 'ya'yanta teloli ne da 'yan koli da ƙananan malamai, su ne ke yankar katin jam'iyya da guminsu, su yi karo-karo na taro da sisi idan za a yi lacca ko an kama ɗan'uwa. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri a kan wannan tafiya, alhali kuwa a lokacin macen Arewa ko ƙuri'a ba ta da ikon jefawa, sai a 1976 aka ba ta.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, jam'iyyu biyu ne kacal, SDP da NRC, kuma gwamnatin Janar Babangida ce ta kafa su, ta gina musu ofisoshi, ta ba su kuɗi. Daga 1999 kuwa sai nauyin ya koma wuyan gwamnoni da manyan attajirai. Kun san wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ake yi wa waƙa.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, kafin babban zaɓen da muke shan rana a layi dominsa, akwai zaɓen fitar da gwani, inda jam'iyya ke tsayar da mutum guda. A nan kuɗi ke aikinsa, domin fom kaɗai ya ishi talaka kallo. A 2014 fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 27 da rabi ne, har Janar Buhari ya ce rancen banki ya ci ya saya. A 2018 ya koma miliyan 45, a 2022 ya kai miliyan 100, na PDP kuma miliyan 40. Ke nan kafin ki ga hoton kowa a takardar ƙuri'a, kuɗi ya riga ya tace miki.

A Amurka ma sun yi fama da wannan ciwo, sai wasu suka nemo magani ta intanet. A 2003 wani ɗan takara mai suna Howard Dean ya riƙa tara ƙananan gudummawa daga mutanen da ke zaune a gidajensu gaban kwamfuta. Bai ci zaɓen fitar da gwanin ba, amma Barack Obama ya bi wannan hanya a 2008 ya kayar da Hillary Clinton.

Mu ma a nan an gwada. A kakar zaɓen 2015 magoya bayan Buhari sun buɗe asusun banki, suka buga kati irin na waya ana saye a matsayin gudummawa, matasa kuma suka yi ta yaɗa kira a Facebook da saƙon waya. A watan Disamba na 2014 ya ci zaɓen fitar da gwani a Legas da ƙuri'a 3,430, Kwankwaso na biye da 974, Atiku 954.

Amma gudummawar da ta fi ratsa zukata a wannan kaka daga jiharmu ta fito, kuma ba ta waya ta bi ba. A farkon 2015, da ɗan takarar ya zo yaƙin neman zaɓe Birnin Kebbi, wata dattijuwa 'yar garin Koko, Hajiya Fati Koko, wadda aka fi sani da Maitalle Tara, ta wuni tana jiransa don ta miƙa masa naira miliyan 1 daga abin da ta tara a rayuwarta. Ta haura shekara 90 a duniya. Allah Ya yi mata rasuwa a 2016, Allah Ya jiƙanta.

Kowa na da ra'ayinsa game da mulkin da ya biyo baya, har cikin waɗanda suka sayi kati akwai masu cizon yatsa. Sai dai ku lura, su masu katin sun iya buɗe baki su ce da kuɗinmu ka hau, ina alkawari? Wadda ta karɓi turmin atamfa fa, da wane baki za ta tambayi maganin asibiti ko malamin makarantar 'ya'yanta? An riga an biya ta.

Yau wayar tana hannunmu, da ita muke zubin adashe, da ita mai dakan shinkafa a Argungu ke karɓar cinikinta. Ban ce ki ɗauki kuɗin cefane ki ba ɗan siyasa ba, kuma kada ki tura ko kwabo asusun da ba ki tabbatar da mai shi ba, don 'yan damfara ma sun iya buga hoto. Abin da nake cewa, idan kun ga mutumin kirki a mazaɓarku yana neman kansila ko ɗan majalisa kuɗi ya tare shi, ku yanki katin jam'iyya, ku haɗa abin da ya sawwaƙa a ƙungiyance, ku rubuta wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Ran da ya hau kujera, da wannan takarda za ku je ƙofarsa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, amin.